Na Ji Muryar Ɗan Baffana a Kwamfutar da Na Haɗa wa Gidanmu

Assalamu alaikum. Don girman Allah a sakaya sunana, masu sharhi kuma ku bari ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma na san ban kyauta ba.

Na karanta kwamfuta a foli ta nan Kaura Namoda. A hannun Baffana na tashi, malami ne, shi da matarsa Inna suka riƙe ni tun rasuwar babanmu. Gidan akwai kwamfutoci, ta Baffa, ta yara, ta babban ɗansa Yaya Sanusi, kullum rigima, wani ya goge wa wani aiki. Sai na ce bari in nuna musu karatuna bai tashi a banza ba. Na samo tsohuwar kwamfuta da araha wajen wani mai kafen intanet da ya rufe shago, na sa mata manhaja ta kyauta, na jona ta da batirin sola, ta zama abin da muke kira domen kwantirola. Ita ke riƙe da sunan kowa da fasawod ɗinsa, kuma na tsara duk abin da mutum ya ajiye can yake tafiya. Ranar da na gama Baffa ya ce, "Ɗiyata, ke kina iya ganin na mutane?" Na ce, "A'a Baffa, ko ni ban iyawa." Wallahi ƙarya na yi. Kuma ina leƙawa, ba don komai ba sai tsabar gulma, kaico!

Shekaranjiya Yaya Sanusi ya juye kayan wayarsa a kwamfuta. Na shiga in ga hoton budurwarsa, sai na ci karo da saƙon murya, wata hirar waya da aka naɗa. Wani mutum da ban san muryarsa ba yana tambaya, "Yaushe tsohon ka zuwa gona?" Sai Yaya ya ce, "Ran Asabar, Kurya Madaro, bisa mashin, shi kaɗai." Mutumin ya ce, "To ka yi shiru." Innalillahi! Me ya haɗa baƙo da ranar da Baffa zai je duba geronsa? In ma'aikacin gona ne, shirun na mene ne? Ku da kuka san wannan hanyar kun san abin da nake tsoro.

Jiya ina wanke-wanke Yaya ya tsaya a kaina yana murmushi, ya ce, "Injiniya, wai kwamfutar taki tana ji ko dai gani kawai take?" Na ce ajiya kawai take. Ya daɗe yana kallona kafin ya fita. Da na duba, ya goge saƙon, ni kuma ban kwafe ba.

Na roƙi Baffa ya ɗaga tafiyar, ya yi dariya ya ce gero ba ya jiran tsoro. In na faɗa masa gaskiya, da wace shaida, ni da na yi masa ƙarya ido da ido? In kuma maganar ta fita ta kai kunnen 'yan sa-kai, ba sa tsayawa tambayar wanda aka kira infoman 'yan bindiga, kuma Yaya shi ne ɗan farin Inna. In na yi shiru, Baffa zai hau mashin ɗinsa.

Yau Alhamis. Jama'a, me zan yi?