Motar Baba Ta Tashi

Yaya Hamadu,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Duwala? Ya ƙafar Anti Maimuna? Mu nan Poumpoumré lafiya lau.

Albishirinka! Tsohuwar motar marigayi Malam, Babanmu, ta tashi. Wata uku ina fama da ita a tsakar gida, Kawu yana ta cewa in sayar wa 'yan gwangwan. Ranar Asabar na wanke kafireta, na sa sabon batir. Ina murɗa makulli ta yi tari sau biyu, ta kama.

Inna ta fito, hannunta duk ƙullu, tana dariya tana hawaye. Ta ce, "Wallahi na zaci Malam ne ya dawo daga kasuwa."

A sa mu a addu'a. Ka gaishe da yara, ka ce in kun zo, da motar kakansu zan ɗauko su daga tasha.

Ƙaninka,
Sali