Na Rungumi Jikata da Ƙuraje a Ƙirjina

Assalamu alaikum, Hajiya mai ba da shawara. Ki taimake ni don girman Allah, amma ki bari in fara da abin da ya daɗe yana ci mini rai, don in ba ki ji shi ba, ba za ki gane sauran ba. Ban yi boko ba. Wani aminina tela ne ke rubuta mini, na kuma sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba.

Ina yaro agana ta shigo garinmu a ƙasar Dutsi. Ta kwashe ƙannena biyu, ni ta bar ni da rai, ta kuma bar mini zanzana tun daga goshi har wuya. Daga lokacin zuwa yau da gemuna ya yi fari fat, abu ɗaya nake gani: in na shigo wuri, mace mai goyo sai ta gyara zani ta juya baya. Da ni ake tsorata yaro in ya ƙi wanka. An taɓa miƙo mini jariri ranar suna in sa masa albarka, ban gama bisimilla ba kakarsa ta karɓe, wai zai yi mini tumbuɗi. Ciwon da ya warke tun ba a haifi iyayen jaririn ba! Me na taɓa shafa wa ɗan wani? Na tambayi liman, ya ce in yi haƙuri. Na tambayi mai gari, dariya ya yi. Haƙuri ai ba amsa ba ne.

To, autata Raihana ta zo gida wankan haihuwar fari. Ta sami 'ya mace, Khairunnisa, ko wata ba ta cika ba. Raihana, duk da kunyar 'yar fari, da hannunta ta ɗauko jaririyar ta aza mini a ƙirji. Tun daga nan kullum da hantsi in an gama yi mata wanka sai a kawo mini ita inuwar darbejiya, ni ko riga babu saboda zafi, ta yi ta barcinta a jikina. Amaryata nake ce mata. Ita ba ruwanta da zanzana.

Makon jiya na fara jin zafi a haƙarƙarin dama kamar an ɗora mini garwashi. Sai ƙuraje masu ruwa suka feso a jere, daga baya suka zagayo har ƙirji, gefe ɗaya kawai. Na ɗauka wani ƙwaro ne ya bi ta jikina a gonar gero. Na shafa toka da man shanu, na ci gaba da ɗaukar yarinya, sai dai na riƙa sa 'yar shara. Da abin ya hana ni sakat, ranar da na kai awaki kasuwar Daura na leƙa wani kemis inda ba a san ni ba. Mai kemis ya duba ya ce wai ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jikina tun ina yaro, yanzu ta farka, wai kuma jariri zai iya ɗauka. Na ce masa ba shi da ladabi. Ƙarambau, ciwon yara, a jikin wanda agana ta kasa? Na fito ko maganin ban karɓa ba. Amma Hajiya, tun da na dawo gida ban sake ɗaukar jikata ba.

Yanzu ga ni da furfurata ina ƙarya a cikin gidana. Na ce mura nake yi, kada a kawo mini jaririyar. Raihana ta zaci wani laifi ta yi mini, jiya ta zo ta durƙusa tana ba ni haƙuri, na kasa ɗaga ido in dube ta. Matata ma ban nuna mata ba, a ɓoye nake wanke rigata. In na faɗa, mijin Raihana, Suhaibu, zai turo a kwashe su tun ba a yi arba'in ba, gari ya ɗauka. Duk matan nan da suka juya mini baya za su ce ai dama sun sani. Wannan ne ba zan iya jurewa ba.

Yarinyar dai lafiya lau take shan nono, babu ko ƙurji ɗaya. Ina tunanin in sa a dafa ganyen darbejiya a riƙa yi mata wanka, a ƙara wani sassaƙe cikin ruwan da ake ɗura mata, ba sai na yi wa kowa bayani ba. Zai tare ciwon? Mai kemis gaskiya ya faɗa ko ciniki yake nema? Shekara da shekaru ina tambaya ana ce mini haƙuri. Ke kam kada ki ce mini haƙuri. Amsa nake so.

Naki, wani tsoho daga ƙasar Dutsi.

Wa alaikumus salam, Baba. Na sa wasiƙarka gaba da sauran saboda taka ba ta jira. Ga amsa: matan da suka juya maka baya ba su da gaskiya. Zanzana tabo ce, ba ta yaɗuwa, kuma an zalunce ka. Mai kemis kuwa, bisa yadda ka kwatanta, gaskiya ya faɗa. Ƙwayar ƙarambau daban take da ta agana. Takan ɓuya a jikin wanda ya taɓa yi, ta fito a haka idan girma ya zo. Tana samun malami, tana samun likita, ba ta da alaƙa da fuskarka. A ruwan ƙurajen take, kuma wanda bai taɓa yin ƙarambau ba zai iya kamuwa in ya taɓa shi.

Ɗaukar da ka yi mata kafin ka sani ba laifi ba ne, kuma ka yi daidai da ka daina. Shirun ne kuskure. Lafiyar da kake gani ba ta isa shaida ba, don ciwon kan kai mako biyu ko uku kafin ya bayyana, kuma yana iya tsanani ga jaririyar da ba ta cika wata ba. Akwai abin da likita zai iya yi, amma sai an je da wuri. Ka nuna wa iyalinka yau, a kai Raihana da 'yarta asibiti, a faɗi dalilin zuwa tun a ƙofa don kada a zaunar da su cikin masu ciki da jarirai. Za a tambaya ko Raihana ta taɓa yin ƙarambau, mahaifiyarta ce za ta tuna. In ta taɓa yi, 'yar ta sami ɗan kariya daga gare ta, amma ba a dogara da shi a zauna a gida.

Darbejiya da sassaƙe ba sa tare shi. Kada a ɗura mata komai, nono kaɗai, a ba ta sosai. Kada a ba ta asfirin ko wani maganin zazzaɓi sai wanda likita ya rubuta. In jikinta ya yi zafi, ko ta ƙi mama, ko barci ya yi mata nauyi, ko numfashinta ya yi sauri, ko ƙurji ya fito, a koma asibiti nan take.

Kai ma a duba ka, akwai maganin da zai rage maka wannan azaba. Ka bar toka, ka rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, ka riƙa wanke hannu da sabulu, ka ware tufafinka da shimfiɗarka, ka nisanci masu ciki. In ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, likita ya ba da izini, sai ka ɗauki abarka.

Suhaibu 'yarsa ce, haƙƙinsa ne ya sani, gara kuma ya ji daga bakinka. Ba zan yi maka alkawarin ba wanda zai yi surutu ba, wasu za su yi. Amma surutun gari ko yaushe za ka iya fuskantarsa, lokacin taimakon Khairunnisa kuwa ƙurewa yake yi. Da an gama karanta maka wannan, Baba, ka tashi ka shiga cikin gida ka faɗa. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare Khairunnisa, ya raya ta a gabanka.