Na Buɗe Cikin Jirginka, Yaya

Zuwa ga Yayana Altine,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan makwancinka ya yalwata. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, matarka Hajara ta fita takaba, yara suna lafiya. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, kuma kai kaɗai ka cancanci jin ta, masu karatu su yi haƙuri su leƙa ta bayan kafaɗata.

Na buɗe jirginka.

Tun da aka jawo shi daga gulbin Rima yake kife gindin dogonyaro a ƙofar gidanmu na Tudun Wada, kaji suna fakewa a ƙarƙashinsa. Ka san ni ba mutumin ruwa ba ne, mudu da buhun gero na sani. Amma da jirgin nan iyalinka suke ci, sai na ɗauko wani mai gyara daga Yawuri don a tashe shi a ba da haya. Shi ya nuna mini cewa a jirgi irin naka, faiba, wato abin nan mai kama da roba da ake lulluɓe shi da shi, fata ce kawai. Ƙarfinsa yana ga katakon da aka binne a ciki: haƙarƙarin ƙasa, da allon baya inda ake ɗaura inji.

Da ya sa giranda ya yanke fatar allon baya, wari ne ya fara fitowa, sannan baƙin ruwa. Na sa hannu, Yaya. Da yatsuna na kwashe katakon da ya ɗauki injinka, yana marmashewa kamar jiƙaƙƙen burodi. Tsohon katakon ne, wanda ka kai jirgin gyara don a cire. Ko tsinke ba a cire ba. An dai buga siririn falanki a kai, aka lulluɓe da gam da ƙyallen faiba, aka bi da shuɗin fenti mai ƙyalli.

Ka tuna ranar da muka je sayen katakon madaci? Ka gajiyar da mai katako, kana ƙwanƙwasa wannan, kana shinshina wancan, har na yi zuciya na tafi shan fura. Ka shafa jan fenti a bakin kowane don kada a musanya maka. Ni na bi mai kura da su har shagon Ladan mai gyaran jirgi a Ƙofar Dundaye. Ladan abokinka na ƙuruciya, wanda Inna take zuba muku tuwo a kwano ɗaya. Ranar da ka je karɓar jirgi ya bugi ƙirji ya ce, “Madaci na sa mai, Altine. Wanga jirgi har jikokinka sai sun shiga.” Ka dawo gida kana yabonsa har ka ishe mu.

Damina ta cika gulbi, ka ɗauko masu zuwa fadama. A tsakiyar ruwa allon baya ya ɓalle tare da injin. Waɗanda suka tsira sun ce kai ka tura su gaɓa ɗaya bayan ɗaya, ka koma don wata tsohuwa. Ita ta fito. Kai sai gawarka muka gani.

Ladan yana sahun gaba a jana'izarka. Ya fi ni kuka, har ni nake ba shi baki.

Da na wanke hannuna daga ruɓaɓɓen katakon, ƙafata ba ta tsaya ko'ina ba sai gidansa. Ƙofar zaurensa sabuwa ce, ta madaci, an goge ta tana sheƙi. Na durƙusa na duba ƙasanta inda mai gogewa bai kai ba. Jan fentinka yana nan.

Na juya na koma aiki. Muka kankare cikin jirgin tas, muka bar shi ya sha rana har ya bushe. Na sayo sabon madaci, aka yanka haƙarƙari da allon baya, aka shafe su da gam, aka bi da ƙyalle a kan ƙyalle. Ƙurar faiba ta hana ni barci don ƙaiƙayi, ban damu ba. Ruɓaɓɓen kuwa ban zubar ba, na tara shi a tsohon kwano.

Sai ga labari Ladan ya samu kujerar Makka. Ka san al'ada, maniyyaci yakan bi gida gida yana neman yafiya. Ya zo da farar riga ya zauna a tabarmar Inna, ya ce, “Na zaka neman gahwara, abin da na sani da wanda ban sani ba.” Inna ta yafe tun bai rufe baki ba. Ni kuwa na tashi na ɗauko kwanon na ajiye a gabansa, na buɗe.

Bai tambayi ko mene ne ba, Yaya. Wannan ya ishe ni shaida. Gumi ya jiƙa farar rigar, ya ce zai ciro ƙofar ya kawo. Na ce ya bar ta, ya riƙa bi ta cikinta duk lokacin da zai fita masallaci. Na gaya masa ni ba ni da abin da zan yafe, ba ni ya sa a ruwa ba. Mai haƙƙin yana maƙabarta, ya je ya nema a can. Inna tana kuka tana cewa, “Ƙaddara ta, ɗana, bar ma Allah.” Ai ga Allah na bar shi, Inna, shi ya sa ban taɓa shi ba.

Jibi zai tashi. Ya yi ɗawafi, ya sha zamzam, ban hana shi ba.

Abin da ke ba ni tsoro kai ne. Na san halinka, ba ka iya riƙe mutum daga azahar zuwa la'asar. Idan ya zo maka ranar tsayuwa da hawayen nan nasa, kana iya yin murmushi ka ce ba komai. Don girman Allah, Yaya, kada ka yafe masa kafin in iso.

Allah Ya jiƙan ka, Ya karɓe ka cikin shahidai, Ya raya abin da ka bari. Ya tsawaita ran Ladan, Ya bar masa tunaninsa garau.

Ƙanenka da bai huce ba,
Buhari