Ban Faɗa wa Ƙudan Zuma An Fasa Ba

Skelbeck, 9 ga Satumba, 1868

Keziah, hasken idona, furen da ya tsiro a tsagin bangon kango, hantsin da ya leƙo sau ɗaya hazo ya rufe shi!

Na ji mijinki ya rasu. Ya kamata in yi miki ta'aziyya, to na yi. Sauran takardar nan tawa ce.

Kin tuna ranar da muka tsaya bayan gidan nan, gaban amya bakwai na kakata? Aure ko mutuwa, dole a sanar da ƙudan zuma, in ba haka ba su yi fushi su bar gida. Na ƙwanƙwasa da mabuɗin ƙofa sau uku, na ce musu ga amaryata. Kika ɗaura farin ƙyalle a jikin kowace amya kina dariya, kika ce, "Sarkin karatu, rage murya mana, wa'azi kake musu?" Wayyo wannan dariya! Shekara talatin da huɗu tana yawo a ɗakunan nan, ta fi kowace fatalwa naci.

Ni na kore ki, ban manta ba. Littattafan nan na tsoffin gidaje da kullallun ɗakuna da la'anar da ɗa ke gada daga uba, su na haddace a jami'a har na ɗauka labarina suke bayarwa. Kakana ya haukace, mahaifina ya mutu ɗaure a ɗakin sama. Na ce ni ma kafin arba'in zan bi su, ba zan bar ki da mahaukaci ba. Kika ce, "Ambrose, ai ga haukan nan ka fara." Na cika arba'in. Na cika hamsin. Ga ni da sittin da biyu, hankalina garau, ina sauraron yoyon rufi. Wace la'ana ce ta kai wannan? Tir da irin karatuna!

Abu ɗaya na kasa: ban faɗa wa ƙudan an fasa auren ba. Sau nawa na ɗauki mabuɗin, na je na tsaya, na dawo? Ƙudan da suka ji albishir sun mutu tuntuni, amma sun bar wa jikokinsu. Ashe ba hauka kaɗai ake gada ba. A wurinsu har yau ke ce matar gidan, doguwar tafiya kawai kika yi.

Likita ya saurari ƙirjina, ya ce ba zan ga dusar ƙanƙarar bana ba. Ba ni da ɗa, ba ni da ƙane. Ƙudan kuwa daga bakin ɗan gida kawai suke karɓar labari, kuma ke kaɗai kika rage musu. Zo, Keziah, ruwan sanyina! Zo tun ina iya tarbar ki a tsaye. In zuciyarki ta ƙi, ban ga laifinki ba. Amma ki zo bayan raina da baƙin ƙyalle, ki ƙwanƙwasa sau uku, ki ce musu maigida ya tafi. Kada ki ƙara komai. Bar su da abin da suka sani.

Ga mabuɗin nan na haɗo miki. Ba ni da bukatarsa. Tun da kika fita ban kulle ƙofar ba.

Naki ni kaɗai, daga ranar farin ƙyalle har bayan ranar baƙi,
Ambrose Ridsdale