Haruffa Biyun da Iakopo Ya Ba da Aro

3 ga Maris, 1998

'Yata Selepa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Auckland bai cinye ki ba. Uwarki na gaishe ki. Ni kam ta daina gaishe ni tun Lahadi.

Ubanki ya yi ɓarna. Bara waccan wani Bature ya same ni a gidan wayar tsibirinmu, ya ce kowace ƙasa tana da haruffa biyu da ake liƙawa a ƙarshen adireshin intanet. Masu rajista a Amurka suna ba wanda ya fara tambaya, muddin ɗan ƙasa ya sa hannu. Ya ce in ara masa namu. Kin san mu, wanda ya nemi aron kwalekwale ba a hana shi, zai dawo da shi har da kifi. Ni da na tsaya a aji huɗu, na zana sunana har da ado. Ya ba ni injin kwalekwale.

Yanzu yana sayar wa duniya sunayen intanet masu ƙarewa da haruffanmu, makarantarmu ta nemi ɗaya aka ce ta biya. Dattawa sun kira ni. Ke mai boko, rubuta wa Amurka.

Ubanki, Iakopo

9 ga Afrilu

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Haba Baba! Shafi nawa ka karanta kafin ka sa hannu?

Na rubuta sau uku. Sun ce su ba alƙalai ba ne, sai ɓangarorin biyu sun yarda. Su ma can rigima suke yi a kan wa zai riƙe rajistar. A littafinsu kai ne wakilin tsibiri, don haka ka rubuta ka janye. Kuma ka mayar da injin. Ba ka da bakin magana muddin yana hannunka.

Ka huta lafiya.

Selepa

20 ga Mayu

'Yata,

Shafin ƙarshe na karanta, nan ne wurin sa hannu.

Na janye. Lauyan Bature ya aiko da shafi goma sha huɗu, wai ba aro ba ne. Uwarki ta naɗe kifi da su. A taro, Tsoho Faleni ya ce, "Iakopo, ka sayar da ƙasa a kan inji!" Na ce, "Kawu, wa ya kai ka asibitin babban tsibiri da shi ranar da ƙafarka ta kumbura?" Aka yi dariya. Dariyar ba ta cece ni ba.

Ubanki

2 ga Yuli

Selepa,

Dattawa sun yanke hukunci. Inji ya bi jirgin jiya. Duk mai son ƙetarawa zuwa babban tsibiri, ni zan tuƙa shi a kwalekwale da hannu har ranar da haruffan suka dawo. Faleni ne na farko, kuma kin san nauyinsa.

Ki sake rubuta musu. Ki ce su gama rigimarsu da wuri, shekaruna hamsin da takwas.

Ubanki, Iakopo