Ranar Da Muka Cire Takalma A Ƙofar Kantoma

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, na rubuto ne in shaida maka rafinmu na Kurugu ya sake cika bana, kuma har yau babu gada.

A bakinsa Yaya Hauwa ta cika, tana naƙuda cikin amalanke, asibitin Ƙaraye na can tsallake. Bayan sadakar arba'in ka ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ka bi ƙauyuka a kan kekenka har ɓangaren Rogo, kana gayyatar mutane su zo a je wurin kantoma neman gada.

Ran kasuwa suka zo Ƙaraye. A-kori-kura ta yi ta sauke manoma, Fulani suka jingine sandunansu a gindin bishiyar maina. Ko filin idi bai taɓa cika haka ba. Ni kuwa ina hutun jami'a, inda aka koya mana cewa gwamnati na tsoron taro, sai na tsaya in ga tsoron da idona.

Da muka isa sakatariya, sai muka cire takalma muka durƙusa. Ka gai da kantoma, ka tambayi iyali, da aiki, da gajiya. Ka yi wa gwamnati addu'a, amin ɗinmu ta kai har tasha. Da ka zo kan gada, ka ce 'yar alfarma ce, in da hali. Sunan Yaya bai fito daga bakinka ba, don 'yar fari ce. Na ga gemunka na rawa. Kantoma bai gani ba, yana gyara hula saboda mai hoto.

Washegari rediyo ta ce jama'ar yankinmu sun kai ziyarar goyon baya. Yawanmu ya zama adon kantoma, har aka yaba masa daga Kano. Ka kashe rediyon, ka ɗauki buta.

An yi gada daga baya, Baba, a hanyar gonar wani ɗan kwangila. Shi kaɗai ya shiga ofishin, da takalminsa a ƙafa.

Ban ga laifinka ba. Ladabin da ka koya mana shi ka kai musu, ba ka da wani makami. Yanzu 'yar da Yaya ta bari a gida ranar nan tana da ciki, haihuwarta tsakiyar damina. Ban san wa zan tara ba.

Allah ya jiƙanka, ya sada ka da wadda ba ka iya kiran sunanta ba.

Ɗiyarka,
Binta