Takardar Likita a Cikin Littafina

Anti Piroska, don Allah ki taimake ni. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba: in na hango Mama sanye da rigar nan ruwan lemo ta masu aikin tallafi, tana noman ciyawa a bakin titi, sai in sauya hanya don kunya. Shekarata sha shida, ba ni da surutu, littattafan soyayya ne ƙawayena.

Da aka rufe masaƙar da take aiki, Mama ta yi shekara biyu ba ta ko ɗaga labule. Sai aka ce ba aiki, ba tallafi, magajin gari ya sa ta aikin titi da na gonar tattasai. Abin mamaki, ta dawo tana dariya, tana kwaikwayon yadda abokiyar aikinta Anti Etelka ke tsokanarta wai ta fi kunkuru sauri. Amma yanzu sai ta dafa bango take miƙewa.

Shekaranjiya na buɗe wani tsohon littafina, takarda ta faɗo. Likita ne ya rubuta cewa ƙashin bayanta ya taɓu, kada ta ƙara aikin duƙawa. Wata uku ke nan da rubuta ta! Ta ɓoye a nan ne don ta san Baba ba ya taɓa littattafaina. Tsoronta a cire sunanta ta koma bayan labule. A littattafaina wani ne ke zuwa ceto, a ƙauyenmu ba mai zuwa. Na yanke shawara: ranar Litinin zan miƙa wa magajin gari takardar.

Mai Sauya Hanya

'Yata, kin yi ƙoƙari, amma hannun da za ki fara miƙa wa takardar nan na mahaifiyarki ne. Sirrin jikinta ne. Tsoronta kuma ba shirme ba ne: aikin ya dawo mata da mutane, in ta rasa su zuciyarta za ta karye. Ke ma kina da gaskiya, ƙashin bayan da ya lalace ba ya dawowa.

Ki zaunar da ita, ki ce kin gani. Ku koma wa likitan ya rubuta irin aikin da za ta iya, ba wanda ba za ta iya ba kaɗai. Sannan ku tafi tare, da Etelka in ta yarda, ku nemi sauyin wuri: kicin ɗin makaranta ko rumfar renon iri. Ita za ta yi magana, ke ki tsaya kusa da ita. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ƙara miki ƙarfin hali.

Anti Piroska